Ƙuri'ar Malam Junaidu

Sallama gare ku, masu haƙurin bibiyata. Na ga saƙonninku. Wata baiwar Allah ta rubuto tana cewa, "Baba, kashi huɗu ke nan muna karantawa, har yau ko gaisuwa ba ka yi wa matar nan ba. Wace irin soyayya ce wannan?" 'Yata, irin tamu ce ta masu aikin laburare. Shekara ashirin da shida ana biyana albashi don in ce wa mutane su yi shiru, kin ga kuwa dole abin ya bi jikina.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni: sunana Sa'adu, shekarata hamsin da ɗaya, ina Wurno, ina kula da laburaren wata sakandare. A rajista muna da littafi dubu ɗaya da ɗari uku. A kan kanta akwai wajen ɗari bakwai. Sauran suna cikin gara, Allah ya sa sun amfane ta. Matata Ikilima ta rasu shekara huɗu da suka wuce, yara sun yi aure sun watse, ya rage daga ni sai rediyo da wata akuya da ba ta ganin girmana.

Muƙamin da na fi taƙama da shi a duniya shi ne admin. Ni na buɗe zauren WhatsApp na masu laburare na Wurno da Rabah da Goronyo, mu talatin da takwas. Shekarar farko zauren kamar maƙabarta yake. Ranar Juma'a a turo hoton masallaci da furanni, shi ke nan sai wata Juma'ar. In na rubuta doguwar magana kan yadda ake jera littattafai, ko tari ba mai yi. Sai ranar da na gano wurin da ake haɗa ƙuri'a, ka rubuta tambaya, ka jera amsoshi, kowa ya danna tasa. Na rubuta:

"Wa ya fi cin littafi a wurinku? Gara. Ɓera. Ruwan sama. Malamai masu aro."

Kafin la'asar mutum talatin da ɗaya sun danna. Malamai masu aro suka lashe zaɓe da gagarumin rinjaye, ba ko maguɗi. Ranar na gane mutanenmu ba magana suke gudu ba, rubutu suke gudu. Ba su maɓalli kawai. Tun daga nan kowace Lahadi sai na saka ƙuri'a. Da me kake zuwa aiki: kabu-kabu, mota, ƙafa, ko addu'a? Wace rana kake shiga gari cirar albashi? Wa ke da ɗan'uwa a Saudiyya da zai aiko mana da fanka? Ana dannawa, ana dariya, wani lokaci har musu ya ɓarke. Ni kuwa ina zaune ina jin kaina kamar shugaban hukumar zaɓe.

To, cikin masu dannawar nan akwai Malama Mashkura.

Sau biyu na taɓa ganinta ido da ido, duka a wurin bita a Sakkwato. Hijabi ruwan ƙasa har gwiwa, tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da baƙin zare, da jaka irin ta buhun shinkafa da aka ɗinka mata hannu. Mijinta ya rasu da daɗewa. Mai koyar da mu ya yi kuskure a lambar wani littafi, ta ɗaga hannu ta gyara masa a hankali, kamar mai ba shi haƙuri. Ni dai tun daga wannan gyaran ban sake zama daidai ba.

Ba ta taɓa rubuta ko harafi ɗaya a zauren ba. Dannawa kawai take yi. Amma ku da kuka san abin, kun san a ƙasan kowace ƙuri'a akwai wurin da za ka taɓa ka ga sunan wanda ya zaɓi kaza. Nan nake zuwa. Na lura kusan kullum amsar ƙarshe take zaɓa, inda nake ajiye barkwancina. Sai na koma rubuta amsar ƙarshe saboda ita kaɗai. In ta danna, in wuni ina yi wa ɗalibai fara'a har su tsargu. Shekara biyu muna haka. Wannan ita ce soyayyar tawa gaba ɗaya, ba na ɓoye muku komai.

Lahadin da zan ba ku labari, an kwana ana ruwa, tsakar gida duk taɓo. Ina zaune a baranda da singileti da zanen wanka a kafaɗa, ina rubuta tambayar mako a bayan wata tsohuwar ambulan, sai ga Yaya Uwaliya, yayata da muke ciki ɗaya, ta shigo da sallama tana tattare atamfarta shuɗiya mai zanen ganye. Ta dire kwanon tuwon shinkafa da miyar kuka a gabana, ta tsaya tana duban igiyar shanya.

"Sa'adu, wanga wando wa yaw wanke shi?"

"Ni na, Yaya."

"Na gani. Ko akuyar ga ta hi ka iya wanki." Ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna. "Yaya maganar malamar Goronyo?"

"Ana nan ana nazari."

"Nazari. Shekara biyu. Kai ko littahin da kaka tsaro, ai ana buɗa shi wata rana. Mi tac ce maka?"

"Ba ta ce komi ba. Amma makon jiya ta zaɓi amsa ta huɗu."

Ta dube ni irin duban da ake yi wa wanda rana ta taɓa. "Amsa ta huɗu. Innalillahi. Uwarmu ta haihi malami, ashe boka ta haiho mai duba ga waya. To ji nan. Kahin a yanke gero, ko ka tahi ka ga mutanenta, ko ni in ɗauki mayahina in tahi. In ta ƙi ka, ta ƙi ka, ba a mutuwa. Amma ba ni barin ka tsuhwa kana magana da akuya."

Ta tafi ta bar ni da tuwo da wa'adi.

Abin da Yaya ba ta sani ba, ina da dabara a hannu. Makarantar da Malama Mashkura ke aiki tana wani ƙauye, Tungar Sale, can bayan Taloka. Tun bara aka rufe ta, bayan 'yan bindiga sun shiga yankin sau biyu. Malamai suka watse, ita ta dawo cikin garin Goronyo gidan ƙanenta. Littattafan kuwa suna can a kulle, makulli yana jakarta. Ranar Asabar ta turo hoto a zauren, ba rubutu ko ɗaya, wani ɗan ƙauyen ne ya ɗauko mata ta taga: kanta guda, gara ta gina mata jar ƙasa tun daga ƙasa har hawa na biyu.

Na kalli hoton nan na ga littattafai suna mutuwa. Ƙarya nake yi. Na kalli hoton nan na ga hanyar da zan zauna kusa da ita a mota.

Na yaga ambulan ɗin, na rubuta sabuwar ƙuri'a:

"'Yan'uwa, mu je mu kwaso littattafan Tungar Sale mu kawo Goronyo. Malam Isma'ila na Rabah ya samo mana a-kori-kura. Wace rana? Talata da hantsi. Laraba da hantsi. Alhamis bayan azahar. Duk ranar da Malama ta ce."

A ƙasa na ƙara da cewa za mu tashi daga tashar Goronyo, mu bi ta Taloka, kuma kada mu wuce minti arba'in a ƙauyen, saboda halin da ake ciki. Kun ji mai hankali. Har da saboda halin da ake ciki.

Ba ta zaɓi amsa ta huɗu ba. Ta zaɓi Laraba. Na ce a raina, kunya ce. Kowa ya bi ta, Laraba ta ci. Na kai babbar rigata ruwan toka wurin mai guga, na sa aka rage mini furfurar gemu, na sayi turare ɗan ƙaramin kwalba wanda mai shagon ya rantse ba ya tashin kai a mota.

Ranar Talata da safe, wajen ƙarfe tara, ina laburare, ɗalibai suna aji, ba kowa sai ni da ƙamshin tsohuwar takarda da ta sha damina. Na ciro waya na shiga wurin sunaye, don kawai in sake ganin nata a ƙarƙashin Laraba. Jiya mutum goma sha ɗaya ne. Yau goma sha biyu. Na gangara ƙasa in ga wane ne sabon.

Malam Junaidu Shinaka.

Na cire tabarau na goge da bakin riga na mayar. Yana nan. Da hotonsa, da hularsa zanna, yana murmushin nan nasa na gefe guda. Ya danna Laraba da ƙarfe bakwai da minti goma na safiyar nan.

Jama'a, wata bakwai ke nan da muka binne Malam Junaidu. Da hannuna na zuba masa ƙasa. An tare su a hanya yana dawowa daga Goronyo, aka harbe shi da direban, aka tafi da mutum huɗu. An samu jakarsa da takalminsa ƙafa ɗaya. Ba a samu wayarsa ba.

Kuma ban cire lambarsa daga zauren ba.

Ba mantuwa ba ce, kada ku yi mini uzuri. Bayan addu'ar bakwai Isma'ila ya ja ni gefe ya ce in cire. Na shiga, na taɓa sunan, har na kai yatsa. Sai na tuna abin da zai fito a tsakiyar zaure kowa ya gani: Sa'adu ya cire Malam Junaidu. Kamar wanda ya yi laifi na kora. Mutumin da ya fi kowa yi mini musu a ƙuri'a, wanda ya taɓa kirana don kawai ya ce na manta ban sa kyankyaso cikin masu cin littafi ba. Na kasa. Kuma a aikinmu, littafi ko ya ɓace ba a soke shi daga rajista sai kwamiti ya zauna. A rubuta "ba a gani ba" da fensir, a bar masa layinsa, ko Allah zai dawo da shi. Haka na yi wa Junaidu. Na bar masa layinsa.

Na kira Isma'ila.

"Admin! Ango! An gama guga?"

"Isma'ila, duba ƙuri'ar ga. Duba sunaye."

Ina jin hayaniyar ɗalibai a bayansa, sai na ji ya rufe ƙofa.

"La ilaha illallahu. Sa'adu, ba ka cire ta ba?"

"Ban cire ba."

"Na ce maka ka cire. Gaban masallaci nac ce maka."

"Ka ce."

"Tsaya. Wataƙila iyalinai sunka sabunta layin. Ko kamhwani ya saida ma wani. Kira gidansu."

Na kira wan marigayin. Muka gaisa, na yi masa ƙarin ta'aziyya, na yi ta kewaye-kewaye kafin na tambaya. Ya ce su ba su sabunta komai ba, takardun ma suna cikin jakar da jini ya ɓata. Ya ce wata biyu da suka wuce ƙaramar 'yar marigayin ta kira lambar, don kawai ta ji ko za ta shiga. Ta shiga. Wani ya ɗauka, bai yi magana ba, tana jin kukan shanu. Tun ranar suka hana ta.

Da na kashe, sai na yi abin da ya kamata in yi tun wata bakwai. Duk saƙon da ka tura a zaure, kana iya dubawa ka ga wa da wa ya buɗe. Na koma baya ina duba ƙuri'una ɗaya bayan ɗaya. Ranar cirar albashi: ya gani. Da me kake zuwa aiki: ya gani. Wa ke da ɗan'uwa a Saudiyya: ya gani, har da sunayen mutum biyar da suka danna "ni". Wadda na tambaya wa ke kwana a gidajen malamai, wa ke komawa gari: ya gani. Ba wadda ta wuce shi. Cikin mu talatin da takwas, shi ne ma ya fi kowa zuwa a kan lokaci.

Shekara ashirin da shida ban gama jera littattafan makarantarmu yadda ya kamata ba. Amma abokan aikina, cikin wata bakwai na jera su tsaf: wane yana bin hanya kaza, ranar kaza, yana da mai biya masa kuɗin fansa. Ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba, kuma ban san wa nake yi wa ba.

Na sake kiran Isma'ila. "Bari in cire ta yanzu."

"Kak ka taɓa! In ka cire, sun san mun gane. Kak ka rubuta komi cikin zaure. Raba sunaye, ka ɗauki na Wurno da Goronyo, in ɗauki na Rabah. Kowa a kira shi shi kaɗai, a ce an hwasa. Mai mota ni za ni gaya mai."

"Isma'ila, wataƙila kuskure na. Wataƙila yatsa yat taɓa."

"Ai shi na abin tsoron. Yatsan wa?"

Na zauna na yi ta kira. Wani ya yi salati, wani ya zage ni a cikin ladabi, wata malama ta fashe da kuka ta ce ita ce ta danna Saudiyya. Kafin sha ɗaya na samu kowa. Saura mutum ɗaya. Na bar ta ƙarshe ne, ku yarda ko kada ku yarda, saboda ko a wannan halin ina jin nauyin in kira ta. Shekara biyu lambarta na wayata, yau ne ranar farko da na danna.

A kashe. Na sake. Ba a samunta. Na tura saƙo ta gefe, alama ɗaya ta fito ta tsaya, ba ta shiga ba. Na kira sau tara.

Na rufe laburare ban ko nemi izini ba. Na bi ta wurin mai guga, ban san dalili ba, na karɓi babbar rigar na zura a kan kaftanin aiki. Wataƙila a raina na ce in dai zan je gidansu, kada in je kamar mai karatun mita. Na shiga mota a tasha, muka jira ta cika, minti hamsin da na ji kamar ana zare mini jijiya. Hanya duk gero ne dama da hagu, ya yi tsayi ya wuce kan mutum, kore shar. Da can in na ga gero haka sai in ce Alhamdulillahi. Yanzu kowa a motar idonsa na kansa, har direba ya kashe rediyo.

Na isa Goronyo ana kiran azahar. Da tambaya na samu gidan: ƙofar langa-langa shuɗiya, buhunan albasa a zaure, babur jingine da bango. Ƙanenta Shafi'u ya fito yana goge hannu, mutum mai kamar shekara talatin da biyar, da rigar ƙwallo da wandon yadi.

"Malam Sa'adu? Na Wurno? Kai na mai ƙuri'a!" Ya yi dariya ya kama hannuna da hannu biyu. "Wallahi Yaya kullum tana karanta muna. Ran da kas sa ta ɓera har Inna sai da tay yi dariya. Bismilla, shigo, a kawo ruwa."

A wata ranar da wannan maganar ta ishe ni abincin mako guda.

"Tana ciki?"

"Ai ta tahi tun da sahe."

"Ina?"

"Tunga mana. Tac ce kai kac ce kada a wuce minti arba'in. Tac ce littahi ɗari shida ba su ɗauruwa cikin minti arba'in, gara ta riga ku, ta kakkaɓe, ta sa cikin kwali, gobe sai lodi kawai. Kwali goma sha biyu tat tara wurin masu shago. Ni nak kai ta tasha." Ya dubi fuskata. "Malam, lahiya?"

Na ba shi wayar. Na yi masa bayani a tsaye, cikin zauren nan mai warin albasa, da babbar riga da turare. Ban san yadda na jera maganar ba. Na ga dai dariyar ta sauka daga fuskarsa a hankali, ya daina ce mini Malam na ɗan lokaci.

"Kai kab bar lambar mamaci cikin zaure? Wata bakwai?"

"Ni na."

"Don mi?"

Na buɗe baki in yi masa bayanin fensir da rajista, sai na ji yadda zai fito. Na rufe.

Ya fara kiran mutanen Tunga. Ƙauyen ba sabis sai an hau wani tudu bayan makaranta. Lambar goggonsu a kashe, ta mai unguwa ba ta shiga. Ya ce abu ɗaya ne mai sauƙi: ba wanda ya san tana can. Masu riƙe da wayar gobe suke jira, a hanya, mota suke jira. Zai hau babur yanzu ya ɗauko ta kafin la'asar, a bar littattafan, gara ta ci ta ƙoshi.

Yana cikin neman makullin babur wayata ta yi ƙara a hannunsa. Ya duba, ya miƙo mini.

A zaure ne. Ita ce. Ta hau tudun ke nan.

"Assalamu alaikum. Malam Sa'adu, na iso Tunga lafiya. Na ɗaure kwali bakwai, saura biyar. Zan kwana gidan Goggona kusa da masallaci. Allah ya saka maka da alheri da wannan tunani, ba wanda ya taɓa tuna mu sai kai. Sai kun iso."

Shekara biyu ina jiran matar nan ta rubuta kalma ɗaya. Ga shi ta rubuta, har da sunana, har da addu'a. Na karanta sau ɗaya, na danna a kai, na goge shi ga kowa, irin gogewar da admin kaɗai ke iyawa. Bai fi minti ɗaya a zauren ba. Na kira ta nan take. Ta shiga, ta yi ƙara sau biyu, ta katse. Ta sauka daga tudun.

"Sun gani?" in ji Shafi'u.

"Ban sani ba. Wanda yat tura shi kaɗai ka iya dubawa."

"Minti guda na. Ba su gani ba. In sha Allahu ba su gani ba."

Ya tura babur waje. Innarsu ta leƙo daga cikin gida tana tambayar wane baƙo ne ba a ba shi ruwa ba, ya ce mata abokin aikin Yaya ne, yanzu za mu dawo. Ya taka, bai tashi ba. Ya sake takawa.

Wayar ta sake ƙara. Wannan karon ba a zaure ba, ta gefe. Hoton hula zanna da murmushin gefe guda. Saƙon murya, daƙiƙa goma sha ɗaya.

Shafi'u ya sauke ƙafarsa daga kan babur. Na danna, na kara a tsakaninmu.

Muryar saurayi ce, a natse, ba ihu ba zagi. A bayansa akwai iska da wani yana tari.

"Malam, ina wuni. Kai na mai tambayoyin ga? Ana karanta muna, muna jin daɗinsu. To wagga Mashkura da kag goge maganatta, wace ta?"

Wata mata ta wuce mu da tallan awara a ka. Yara biyu suna jan motar gwangwani a bakin kwata. Shafi'u ya riƙe hannun babur har jijiyoyinsa suka fito.

"Ka ce ba ka san ta ba," ya ce a hankali.

"Ta ambaci sunana."

"To kak ka amsa."

"In ban amsa ba, su tahi su duba da kansu. Daga nan zuwa Tunga minti nawa?"

"In hanya ta yi kyau, arba'in. Da ruwan ga, awa."

"Su kuma?"

Ba wanda ya san daga inda za su taso.

Ni ba jarumi ba ne, kun riga kun sani. Mutum ne da ya kasa danna maɓalli ɗaya wata bakwai don kada a ga sunansa kusa da kalmar cirewa. Amma abu ɗaya na iya a duniya, shi ne in jera wa mutum amsoshi yadda zai zaɓi wadda nake so. Na gyara murya, na danna wurin ɗauka, na yi magana da irin muryar da manyan jami'ai ke yi mana a wurin bita.

"Lahiya lau. Wagga mai shara ta, talaka ta, ko albashi ba a biyanta, ta cika surutu shi ya sa nig goge. Ni na shugaban masu laburare na yankin ga duka. Gobe da hantsi nika tahe da kaina, da mota, da manyan baƙi daga Sakkwato. Ba mu son a tada hankalin gari kahin mu iso."

Na saki. Ya tafi. Alama biyu, nan take suka koma shuɗi.

Shafi'u yana kallona. "Manyan baƙi?"

"Hau ka tahi. Ka ɗauko ta, da Goggo in ta yarda. Kak ka tsaya ɗaukar kwali ko ɗaya, ko ta yi kuka."

Babur ya tashi a taku na huɗu. Ya sa giya, sai kuma ya tsaya, ƙafa ɗaya a ƙasa.

"Malam, in sunka jira gobe ba ka zo ba, Tunga za su huce. Akwai mutane can da ba su da inda za su."

"Na sani."

"To goben za ka?"

Bai jira amsata ba. Na bi shi da ido har ya sha kwana wajen masu faci, taɓo yana tashi a bayansa. Na tsaya a ƙofar gidan mutanen da na zo in gaisar a matsayin mai neman aure, babbar riga ta jiƙe da zufa ta manne mini a baya. Daga ciki Inna ta aiko da ruwa a kofin silba, na karɓa na kasa sha.

Wayar ta motsa a tafin hannuna. Daƙiƙa uku kacal. Muryar nan dai, har da 'yar dariya a ciki, irin ta wanda aka yi wa albishir.

"To madalla, shugaba. Allah shi kai mu."